Alex Haley da Kunta Kinte: inda sarƙar asalin ta riƙe da inda ta tsinke

Ranar 29 ga Satumba, 1767, wani jirgin ruwan Ingila mai suna Lord Ligonier ya tsaya a tashar Annapolis da ke Maryland, bayan ya baro kogin Gambiya tun 5 ga Yuli. Da mutum 140 ya taso a ɗaure a cikinsa, 98 suka iso da rai. Duk wannan yana rubuce, har jaridar garin ta buga tallar sayar da su kwana biyu bayan isowarsu. Abin da babu a kowace takarda shi ne sunan ko da mutum ɗaya daga cikinsu. A wannan gurbi Alex Haley ya ajiye Kunta Kinte, ya ce shi ne kakan kakanninsa, ya gina littafin Roots a kai. Littafin ya fito a 1976, ya sauya yadda Amurka ke maganar bauta, kuma har yau ana jayayya a kan ko tarihi ne ko ƙagaggen labari. Amsar ba ta samuwa sai an warware littafin gaɓa-gaɓa, domin wasu gaɓoɓin suna da ƙarfi, wasu kuwa ko kaɗan ba sa ɗaukar nauyin da aka ɗora musu.

An haifi Haley ranar 11 ga Agusta, 1921, a Ithaca ta jihar New York, amma ƙuruciyarsa ta farko a Henning ya yi ta, wani ƙaramin gari a Tennessee, a gidan kakanninsa na wajen uwa. Kakansa Will Palmer mai kamfanin katako ne, mahaifinsa Simon Haley kuwa malamin aikin gona ne a manyan makarantu. A barandar wannan gida kakarsa Cynthia da 'yan uwanta mata suke zama da daddare suna hirar dangi, kuma hirar takan koma kan wani da suke kira "Ba'afirken". Abin da suka riƙe game da shi bai taka kara ya karya ba: yana ce wa kansa "Kin-tay", ya ƙi sunan Toby da ubangidansa ya laƙaba masa, yana kiran jita "ko", yana kiran kogi "Kamby Bolongo", an sauke shi a wani wuri da suke ce wa "Naplis", kuma an kama shi ne ya shiga daji saro icen da zai sassaƙa ganga. Jarin ke nan gaba ɗaya.

Haley bai ƙare kwaleji ba. A 1939 ya shiga rundunar tsaron gaɓar teku ta Amurka a matsayin mai hidimar abinci, domin a wancan zamani kusan aikin da ake ba baƙar fata ke nan. A cikin jirgi ya koya wa kansa rubutu, har abokan aiki suka riƙa ba shi kwangilar rubuta musu wasiƙun soyayya. Ya yi shekara 20, ya kai muƙamin babban ɗan jarida na rundunar, ya yi ritaya a 1959. Daga nan ya rubuta wa Reader's Digest, ya kuma yi wa mujallar Playboy dogayen hirarraki da Miles Davis, Malcolm X, Martin Luther King da Muhammad Ali. Aikin da ya fito da shi sosai shi ne tarihin rayuwar Malcolm X, wanda ya haɗa daga zama sama da 50 da suka yi tsakanin 1963 da 1965, ya kuma fito bayan an kashe Malcolm a Fabrairun 1965.

Wannan tarihi yana da muhimmanci ga fahimtar Roots. Gwanintar Haley ita ce sauraro: ya sa mutum ya saki jiki ya yi magana, shi kuma ya tsara maganar ta zama labari mai jan rai. Ba a horar da shi a kan tantance hujja ba, wato aikin zama da takarda ana neman abin da zai ƙaryata abin da zuciya ke so. Wanda ya saba gaskata mai ba shi labari domin hira ta yi daɗi, zai sha wuya ranar da ya kamata ya yi masa tambayar ƙure.

A 1964 ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Doubleday a kan littafin tarihin danginsa a Kudancin Amurka. Bai miƙa shi ba sai bayan shekara 12, kuma a tsakani littafin ya tsallaka teku ya koma Afirka.

Gaɓar farko ita ce ƙidayar jama'a ta 1870, kuma ita ce mafi ƙarfi. Duk mai binciken asalin baƙaƙen Amurka ya san wannan shekara, domin ita ce ƙidaya ta farko bayan soke bauta a 1865, ita ce kuma ta farko da ta rubuta bayin da aka 'yanta a lokacin da sunayensu. A ƙidayar 1850 da ta 1860 akwai jadawalin bayi na daban, amma sunan ubangida kawai ake sa wa, a ƙarƙashinsa a jera shekaru, jinsi da launin fata. Haley ya je ma'ajiyar takardun ƙasa a Washington, ya duba ƙidayar gundumar Alamance ta North Carolina, ya tarar da Tom Murray maƙeri da matarsa Irene da 'ya'yansu, sunayen da ya taso yana ji a bakin kakarsa. Daga Tom Murray zuwa Cynthia, zuwa Bertha mahaifiyarsa, zuwa shi kansa, sarƙar ta riƙe. Matsala tana farawa ne idan aka juya baya daga 1870, inda mutum ya daina zama suna a takarda ya koma kadara.

Gaɓa ta biyu ita ce 'yan kalmomin nan. Haley ya kai su wurin Jan Vansina, masanin tarihin Afirka a Jami'ar Wisconsin, wanda ya yi fice a nazarin tarihin baka. Ra'ayin da aka ba shi shi ne kalmomin sun yi kama da harshen Mandinka: "bolongo" kogi ne, don haka "Kamby Bolongo" zai iya zama kogin Gambiya, "ko" zai iya zama kora, abin kiɗan nan mai tsirkiya da yawa, Kinte kuma sunan zuriya ne sananne a yankin. Wannan hasashe ne mai kyau, kuma ba a rushe shi ba. Sai dai iyakar abin da yake nunawa shi ne yanki da ƙabila. Bai nuna gari ba, bai nuna gida ba, bai nuna shekara ba.

A gaɓa ta uku aka yi kuskuren da ya fi kowanne. A 1967 Haley ya je Gambiya tare da wani ɗalibi ɗan ƙasar da ya haɗu da shi a Amurka. A Bathurst, wato Banjul ta yau, ya zauna da wasu manyan mutane ya kwashe labarin kakarsa kaf ya faɗa musu: sunan, icen ganga, komai. Bayan ya koma gida aka aiko masa cewa an samu wanda ya san tarihin zuriyar Kinte. Ya dawo, aka kai shi ƙauyen Jufure da ke kusa da kogin Gambiya, inda wani tsoho mai suna Kebba Kanji Fofana, wanda aka gabatar masa a matsayin jali, wato mai riƙe tarihin baka, ya jero masa salsalar gidan, tun daga Kairaba Kunta Kinte, malamin da ya zo daga Muritaniya, zuwa ɗansa Omoro, zuwa Kunta, wanda ya fita saro ice "lokacin da sojojin sarki suka zo" ba a ƙara ganinsa ba. Haley ya ce a nan jikinsa ya mutu, domin labarin barandar Henning ne yake ji a bakin wani tsoho a Afirka.

Mai karatu Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a kan inda gizo ke saƙar. Jali a ƙasar Mandinka kusan matsayin maroƙin fada yake da shi a wurinmu: gadon sana'ar ake yi, ana koyonta shekara da shekaru, kuma salsalar gidajen sarauta da manyan malamai yake riƙewa, ba ta kowane saurayi da ya ɓace a daji shekara 200 da suka wuce ba. Sannan akwai al'adar karɓar baƙo. Mutum ya taso daga wata uwa duniya yana neman kakansa, ya riga ya faɗi kamannin kakan, gari kuma yana jin nauyin sallamarsa hannu rabbana. Ba sai an shirya zamba ba. Labarin da ya fita daga bakin mai bincike yana iya zagayawa ya dawo masa ta wani bakin, shi kuma ya ɗauka shaida ce mai zaman kanta. Shi ya sa ƙa'idar masu tattara tarihin baka take da tsauri: kada ka faɗi abin da kake nema kafin ka ji abin da aka sani, ka zauna da mutane da yawa kowa shi kaɗai, ka bincika wurin wa mai ba da labarin ya koya, ka ɗauki murya a harshen asali, ka kuma sa wani tafinta daban ya sake fassarawa. Haley ya karya ta farko tun kafin ya taka Jufure, ita kuwa idan ta karye sauran ba sa gyara ta.

A 1977 Mark Ottaway na jaridar Sunday Times ta Landan ya bi sawunsa zuwa Gambiya, ya ruwaito cewa Fofana ba jali ba ne na gado. A 1981 masanin tarihi Donald Wright, wanda ya yi aiki a wannan yanki, ya nuna cewa abin da Fofana ya faɗa wa wasu masu bincike bai yi daidai da abin da Haley ya ruwaito ba, kuma sauran masu riƙe da tarihin yankin ba su san wannan Kunta ba.

Akwai kuma batun garin kansa. A cikin littafin, Jufure ƙauye ne mai nisa da Turawa, inda yara ke jin labarin "toubob", wato Turawa, kamar labarin dodo. Jufure ta gaskiya tana maƙwabtaka da Albreda, inda Faransawa suke da gidan ciniki, tana kuma kallon tsibirin James, inda Ingilishi suke da ganuwa. Tana cikin masarautar Niumi, wadda take karɓar haraji daga jiragen Turawa masu shiga kogin. Mutanen wurin sun san Bature ciki da bai, wasunsu dillalai ne da tafintoci a cinikin, har da na bayi. Yawancin waɗanda aka loda a jirage a wannan kogi an kawo su ne daga can cikin ƙasa, kamammun yaƙi ko hari ko bashi, ta hannun fataken Afirka. Baturen da ya saci ɗan gari a ƙasar sarkin da yake biya wa haraji yana jawo wa kansa rufe kasuwa. Haley ya amsa daga baya cewa da gangan ya kwatanta garin a matsayin wurin aminci, domin yana so ya ba mutanensa abin da za su riƙe. Niyyar ana fahimtarta, amma ta ɓoye wani ɓangare na gaskiya wanda mu 'yan Afirka ta Yamma ya fi kamata mu dube shi ido da ido.

Gaɓa ta huɗu, jirgin, ta dogara ne kacokan a kan ta uku. Daga maganar "sojojin sarki" Haley ya fitar da shekarar 1767, daga "Naplis" ya fitar da Annapolis, sannan ya shiga takardun jiragen ruwa a Landan yana neman jirgin da ya cika sharuɗɗan biyu. Ya samu Lord Ligonier. Jirgin gaskiya ne, tafiyar gaskiya ce. Amma samun jirgin da ya dace da shekarar da ka riga ka zaɓa ba ya tabbatar da shekarar, tunda jiragen bayi ba sa rubuta sunayen Afirka, adadi kawai suke rubutawa.

Gaɓa ta biyar ita ce ta Virginia. Haley ya samu takardar 1768 wadda ke nuna wani bawa mai suna Toby ya koma daga hannun John Waller zuwa ɗan uwansa likita William Waller a gundumar Spotsylvania, ya ce wannan shi ne Kunta. A 1981 Gary Mills da Elizabeth Shown Mills, masanin tarihi da ƙwararriyar binciken nasaba, suka bi takardun gidan Waller ɗaya bayan ɗaya. Suka tarar sunan Toby yana cikinsu tun 1762, shekara biyar kafin Lord Ligonier ya iso. Suka kuma ga alamar ya rasu shekaru kafin 1790, shekarar da littafin ya ce an haifi 'yarsa Kizzy. Ita Kizzy ba su same ta a takardun ba. Dalilin irin wannan tuntuɓe sananne ne ga masu wannan aiki. Bawa ba shi da sunan mahaifi a takarda, sunaye kamar Toby, Tom da George sun cika kowace gona, kuma wurin da ake ganinsu shi ne wasiyya, lissafin gado, takardar jingina da ta sayarwa. Kafin ka ce Toby na wannan takarda shi ne Toby na waccan, sai ka bi duk takardun gidan ubangidan a jere, na gaba da na baya. Haley ya tsaya a kan wadda ta yi masa daidai.

Bayan jayayyar tarihi sai ta satar fasaha. Margaret Walker, marubuciyar Jubilee na 1966, ta kai ƙara, kotu ta kore ta. Harold Courlander, wanda ya rubuta The African a 1967, shi ma ya kai, yana cewa an ɗebi wurare 81 daga littafinsa. Bayan makonni biyar ana shari'a a New York, aka yi sulhu a Disambar 1978 a kan dala 650,000 kamar yadda aka ruwaito, Haley kuma ya amsa cewa wasu abubuwa daga littafin Courlander sun shiga nasa, ya nuna nadama. Bayaninsa shi ne mutane sukan miƙo masa 'yan takardu a wurin lacca, ya zuba su a akwati ba tare da rubuta inda suka fito ba. Ko an karɓi wannan uzuri ko ba a karɓa ba, ya nuna yadda aikin ya gudana: shekara 12 na tara takardu barkatai, bashi ya yi masa katutu, wa'adin mawallafa ya wuce da shekaru, ga editansa Murray Fisher yana taya shi haɗa rubutun a gurguje. Duk takardar bincike da ba a rubuta mata tushe a ranar da aka ɗauke ta ba, bayan shekara biyar marubuci ba zai iya bambanta ta da kalmominsa ba.

A ganina babban laifin yana ga lakabin da aka sa wa littafin. Haley ya kira shi "faction", wato ya haɗa kalmar Ingilishi ta gaskiya da ta ƙage. Ya yarda cewa hirarraki da tunanin mutanen ciki shi ya ƙirƙira, amma ya dage cewa nasabar tabbatacciya ce, ya kuma rufe littafin da babukan da ke ba da labarin bincikensa a matsayin hujja. Aka sayar da shi a layin littattafan gaskiya, ya daɗe a saman jerin New York Times na wannan rukuni, a 1977 kuma kwamitin Pulitzer ya ba shi lambar yabo ta musamman, ba ta tarihi ba, ba ta ƙagaggen labari ba. Da an ce wa duniya ƙagaggen labarin tarihi ne da aka gina a kan hirar dangi, da binciken Wright da na su Mills bai taɓa shi ba. Henry Louis Gates na Harvard, wanda abokinsa ne, ya faɗi a fili bayan rasuwarsa cewa da wuya a ce Haley ya gano ainihin garin kakanninsa, kuma littafin aikin tunani ne.

Idan aka karanta shi a haka, ƙarfinsa yana bayyana. Cikin babi 120, sama da 30 na farko a Afirka suke, kuma Haley bai yi gaggawa ba. Ya nuna raɗin suna, inda uba yake raɗa wa jariri sunansa a kunne kafin kowa ya ji, ya nuna karatun allo wurin malam, kiwon awaki, yunwar bazara, horon shiga sahun maza. Kafin a kama Kunta mai karatu ya riga ya san uwarsa Binta da ƙannensa, don haka abin da aka jefa cikin jirgin mutum ne mai gida da addini. Wannan shi ne sabon abu ga Amurkawa na 1976, waɗanda aka koya wa cewa tarihin baƙar fata daga gonar auduga ya fara. Kunta Musulmi ne, yana ƙin naman alade, yana jefa tsakuwa ɗaya a gora duk sabon wata don kada lissafin shekarunsa ya ɓace masa. Bayan gudu na huɗu aka sare masa rabin ƙafa. Wuri mafi zafi a littafin kuwa dabarar tsari ce: ranar da aka sayar da Kizzy, labarin ya bi ta, ba a ƙara jin ɗuriyar Kunta ba har ƙarshe. Mai karatu yana rasa shi kamar yadda 'yarsa ta rasa shi. Daga nan rubutun yana raguwa. Labarin Chicken George mai faɗan zakaru, ɗan Kizzy kuma mahaifin Tom Murray, yana da armashi, amma zuriyar bayansa an bi ta kansu da sauri, alamar marubucin da lokaci ya ƙure wa.

Talabijin ce ta kai labarin inda littafi ba zai kai ba. Tashar ABC ta nuna shi dare takwas a jere, daga 23 zuwa 30 ga Janairu, 1977, da LeVar Burton a matsayin Kunta yana saurayi, kuma an ƙiyasta mutum kusan miliyan 130 sun kalli wani ɓangare nasa. Ma'ajiyoyin takardu suka cika da masu neman asalinsu, baƙaƙe da farare. Gambiya ta samu 'yan yawon buɗe ido, a 2011 kuma ta sauya wa tsibirin James suna zuwa na Kunta Kinte. Haley bai sake kammala babban littafi ba. Ya fitar da wani gajeren labari a 1988, ya rasu a Seattle ranar 10 ga Fabrairu, 1992, aka binne shi a harabar gidan Henning. Queen, labarin kakarsa ta wajen uba, David Stevens ne ya ƙarasa shi ya fito a 1993.

Mutum irin Kunta Kinte kuwa ya wanzu, har da takardu. Ayuba Sulaiman Diallo, Bafulatani ɗan malami daga Bundu, a ƙasar Senegal ta yau, ya je bakin kogin Gambiya yin ciniki, cikin hajarsa har da bayi biyu, a hanyar komawa aka kama shi aka sayar. A 1731 aka sauke shi a Annapolis ɗin nan, shekara 36 kafin Lord Ligonier. Aka sa shi aikin taba a tsibirin Kent, yana shiga daji yana salla, ya gudu, aka kama shi aka kulle. Ya rubuta wa mahaifinsa wasiƙa da Larabci, wasiƙar ta faɗa hannun manya a Landan, aka fanshe shi. Ya isa Ingila a 1733, ya koma Gambiya a 1734, shekarar da Thomas Bluett, wanda ya fara haɗuwa da shi a kurkuku a Amurka, ya buga labarinsa.